Kowa Likitan Kaji Ne a Fadaman Mada

In kana son sanin yawan likitocin da Allah ya albarkaci layinmu da su, ba sai ka wahalar da kanka zuwa asibitin koyarwa ba. Fito majalisa bayan la'asar, ka yi sallama, ka ce, "Jama'a, 'yan tsakin gidana sun fara kashin jini." Kafin ka gama kakkaɓe benci ka zauna an rubuta maka magani kala bakwai, kuma kowane likita zai rantse cewa nasa ne ya ceci kajinsa bara. Ba mai tambayarka kwanansu nawa. Ba mai cewa tashi mu je mu gani.

Mu a Fadaman Mada (Bakano zai gyara maka ya ce Fadamar Mada, ƙyale shi, ba unguwarsu ba ce) da wuya ka shiga gida biyar ba ka ji kukan 'yan tsaki a uku ba. Wani a bayan kicin, wani a ƙarƙashin bene, wani a ɗakin da aka ɗora wa kwano kuɗi suka ƙare kafin a yi filasta. Uwargida ta kwashi adashi, ta ba da saƙon kwali ɗaya, 'yan kwana ɗaya guda 50 da gyaran ɗaya, waɗanda suka kwana a mota daga Ibadan ko suka gangaro daga Jos. Lissafin a baki ba ya da wuya: mako 6 zuwa 8 a sayar, a biya kuɗin makaranta, a yi ɗinkin Sallah, ko a auna Kirsimeti lokacin da kaza ke daraja. Mu maza kuwa muna da tsarinmu. Ranar da aka sayar aka ƙirga kuɗi, "kajinmu" ne. Ranar da suka fara mutuwa, "kajin madam" ne.

Namu ya faɗo a watan Agusta, tsakiyar marka, lokacin da sai a kwana uku rana ba ta leƙo da kyau ba, shanya ta ƙi bushewa, ashana ta ƙi kamawa, bango ya sha ruwa har gwiwa. Sunan unguwar ma ai bai ɓoye wa kowa komai ba, fadama aka ce. Burolin sun kwana 23, sun fara cika hannu, har maman yara ta fara yi wa masu saye albishir. Ina dawowa daga masallacin asuba ta tare ni a tsakar gida da tocila.

"Malam, zo ka ga ikon Allah."

In ta ambaci ikon Allah da irin wannan murya, na san asara ce. Uku sun miƙe ƙafa. Wasu kamar goma sun takure a kusurwa, wuya ya shige cikin jiki, gashi ya hargitse, fukafukai sun zubo ƙasa kamar yaro a cikin babbar rigar aro, ido a lumshe. A kan dusar katakon kuwa ga jini nan ɗigo-ɗigo, wani wurin kamar an ɗiga manja. Sauran suna ta wasoson abinci, suna tsattsagar wannan dusar, ba abin da ya sha musu kai.

"Wallahi baki ne," in ji ta. "Shekaranjiya matar nan ta shigo ta ce kai, waɗannan kaji da saurin girma suke. Ko tubarkalla ba ta ce ba."

Da yamma na kai ƙara majalisa. Baba, wanda ya yi ritaya daga reluwe, shi ya fara, don shi ne babba kuma bencin nasa ne.

"Kai yaro, kafso ja da yalo. Fasa biyu a ruwa. Tun zamanin Gwamna Tatari Ali da shi nake kiwo."

Direbanmu ya ce a'a, filajil, ai zawo zawo ne, na mutum da na kaza duk daga ciki suke fitowa. Mai shayi ya ce farasitamol, ba ka ga suna rawar ɗari ba? Tela ya ce a daka barkono ja a zuba, cuta ba ta zama inda yaji yake. Alhaji mai kayan gini, wanda bai taɓa yarda da magani kowane iri ba, ya ce a wasa wuƙa tun ba su zama mushe ba. Ta cikin gida kuma, ta kan katanga, Hajiya ta kan kwana ta miƙo ɓawon maɗaci da ganyen dogon yaro da ɗan gutsuren jar kanwa. Amaryar gidan sama ta aiko da tafarnuwa da citta da lemun tsami, wai a waya ta gani, yanzu duniya ta daina maganin bature.

Ka san halinmu. Ba ma son ɓata wa kowa rai, kuma a ganinmu in ɗaya bai yi ba ɗaya zai yi. Duk muka haɗa a bokiti guda. Ruwan ya koma wata kala da ba ta da suna a Hausa. 'Yan tsakin suka zo suka tsoma baki, suka girgiza kai, suka koma. Washegari huɗu suka bi ukun farko, maman yara ta zauna a bakin akurki jiki a sanyaye kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki.

Allah ya taimake mu autan Hajiya yana gida hutu, wanda ke karatun likitan dabbobi a Zariya. Yaron nan a gabanmu aka yi sunansa, don haka ba wanda ya tuna da shi a majalisa. Uwarsa ce ta turo shi ya kawo ƙarin maɗaci. Ya gaishe mu, ya leƙa akurkin, ya ɗaga ledar da muka lulluɓe shi da ita saboda sanyi, wani tururi mai yaji ya bugo shi har sai da ya kau da kai. Ya damƙo dusar ƙarƙashin mazubin ruwa ya matse. Da ya buɗe hannu ta tsaya a dunƙule kamar dawo.

"Anti, yaushe rabon da a canza wannan?"

"Tun da suka zo dai ina ƙara sabuwa a kai."

"An yi musu rigakafi?"

Nan ta gyara ɗaurin ɗankwali. Gumboro sau biyu, lasota sau ɗaya, duk a rubuce a jikin kalanda. Ya ce ta kyauta, amma waɗancan na wasu cututtuka ne daban, ba ruwansu da wannan. Baba, da ya biyo sahu don ya ga aikin kafsonsa, ya ce shi fa duk zatonsa cutar gumboro daga Gamborun Ngala ta fito. Auta ya ce a'a, wani ƙaramin gari ne a jihar Delaware ta Amurka inda aka fara gane ta, aka bayyana ta a 1962. Baba ya ce to Allah ya wanke Barno.

Sai Auta ya nemi reza da ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu da safen. Maman yara ta dube ni, na dubi ƙasa. A wurinmu mushe sai dai a cilla bayan katanga, ko a ba yaro ya kai bola. Ya tsaga cikin a kan tsohuwar jarida, ya jawo hanjin, ya nuna mana wasu 'yan jakunkuna biyu dogaye a kusa da ƙarshensa, waɗanda duk mai gyaran kaza ya san su don yankewa yake ya jefar. Sun kumbura sun yi baƙi-baƙi. Ya ɗan taɓa da reza, jini ya cika jaridar.

"Kawu, ga bakin da ya kama su."

Abin da ya faɗa mana a tsugune a ranar, da wanda na ci gaba da tatsa daga bakinsa har ya koma makaranta, ga shi yadda na fahimta. Sunan cutar koksidiyosis, masu shagon maganin dabbobi suna yanke shi su ce koksi. Wata ƙwayar halitta ce ke kawo ta, ido ba ya ganinta, ana kiranta Eimeria. Ba irin ƙwayoyin da kafso ja da yalo ke yaƙa ba ce, ba don ita aka yi shi ba. An daɗe da sanin iri 7 da ke kama kaji, kowane da unguwarsa a cikin hanji, wani sama, wani tsakiya, wani ƙasa. Wadda ta kama namu, mai zama a jakunkunan nan biyu, ita ce Eimeria tenella, tun 1891 wasu Faransawa biyu suka bayyana ta. A 2021 masana suka ƙara raɗa wa wasu iri 3 suna, ɗaya daga ciki aka sa mata Eimeria zaria. Baba ya ce dama ya sani, Zagezagi ba su bar komai ba, har cutar kaji sai da suka sa hannu. Auta ya ce shi dai karatu ya je.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ita ma cutar ƙwai take yi. Kaza mai ɗauke da ita tana zubar da ƙwan a cikin kashinta, dubbai a kan dubbai. A ranar da ya fito ba ya iya kama kowa. Sai ya samu abu uku, ɗumi da laima da iska, sannan cikin kwana 1 zuwa 2 ya nuna. Ɗan tsako ya tsattsago shi tare da abinci, ƙundunsa ya niƙe ɓawon, 'ya'ya 8 su fito daga ƙwai guda, su huda bangon hanji su shige, su hayayyafa, su fasa su fito, su sake shiga wani wurin. Wajen wannan fasa-fito ɗin ne jijiyoyi ke yagewa jini ya zuba. Cikin mako guda zagayen ya cika, sabon ƙwai ya fito ninkin-ba-ninkin.

Yanzu dubi abin da muke yi da hannunmu. Mu kunna gawayi a kasko don kada su ji sanyi, ga ɗumi. Mu ajiye mazubin ruwa a ƙasa su yi ta shiga suna ɓarar da shi, mu lulluɓe ko'ina da leda tururi ya rasa hanyar fita, a fadama, a watan Agusta, ga laima. Mu cusa 51 a wurin da ya dace da rabinsu, suna ci a inda suke kashi. In da Eimeria za ta ba da kwangilar gina mata gida, wallahi da ba za a yi mata wanda ya fi namu ba.

Shi ya sa kazar Hausa ke ba mu haushi. Ta ƙyanƙyashe goma a bayan randa, ta ja su bola, ta ja su kwata, ba sitata ba bitamin, sai dai ka ji shirwa ta ɗauke biyu, muzuru ya ɗauke ɗaya, amma ba kasafai za ka ga an wayi gari jini ya kwashe su gaba ɗaya ba. Ba wai cutar ba ta taɓa su ba ne. Suna haɗiyarta kaɗan-kaɗan a fili mai faɗi da rana ke gasawa, jiki ya saba, ya yi garkuwa. Namu na kwali kuwa loma ɗaya suke yi mata. Kuma shekarun haɗarin, in ana ce wa kwanakin tsako shekaru, su ne mako 3 zuwa 6, daidai lokacin da mai kiwo ta fara sakin jiki tana cewa an tsallake.

Auta ya sa aka zubar da bokitin haɗin gambizarmu, Baba yana kallo yana girgiza kai. Ya rubuta mini suna uku a bayan kwalin ashana ya ce in hau keke in je shagon maganin dabbobi, ko can wajen kasuwar Muda Lawal ko inda na samu, duk wanda na tarar a ciki in sayo ɗaya. Ɗaya, ya nanata, don ya san mu. Na farko amfuroliyam, gari ne da ake damawa a ruwa kwana 5 zuwa 7. Na biyu dangin salfa, irin su Embazin Forte da ke ɗauke da bitamin K a ciki, su yawanci kwana 3 ake ba su, a huta 2, a sake 3. Na uku toltirazuril, wanda aka fi sani da Baycox, ruwa ne a kwalba, mai ƙarfin kashi 2.5 ana zuba mililita 1 a litar ruwa, kwana 2 a jere an gama, sai dai ya fi taɓa aljihu. Amfuroliyam na samu.

Nan ma sai da aka yi gardama, don maman yara ta ɗauko cokalin shayi ta tula shi. Ya ce a'a, garin kala-kala ne, wani ya fi wani ƙarfi, abin da aka rubuta a jikin leda shi za a bi, a kuma auna ruwan da gorar da aka san cikinta. Mu da "ɗan ƙara kaɗan don ya fi aiki" kamar gado muka ci. A dangin salfa wannan ƙarin yana iya lalata ƙoda, har ya jawo wani zubar jinin na daban, ka ga an gudu daga ruwa an faɗa wuta. Ta miƙo ledar bitamin ɗin da ba ta rabuwa da ita, ya ce a ajiye tukuna. Amfuroliyam yaudara yake yi: ya yi kama da bitamin B1, ƙwayar cutar ta haɗiye shi a zaton abinci ne, yunwa ta kashe ta. In ka tula mata B1 na gaskiya a ruwa ɗaya, ka ba ɓarawo tuwo ke nan bayan ka ɗaure shi. Bitamin sai an gama magani, musamman A don hanji ya warke.

Sauran dokokin ba su da yawa. Kada a ajiye wani ruwa sai mai maganin. A dama sabo kullum. Duka garken za a ba, ba masu takurewa kaɗai ba. Kada a tsaya ranar da jini ya ɗauke, wanda shi ne babban aikinmu: kwana biyu an ga sun miƙe, sai a naɗe bakin leda a ɗaure da kyauro a soke a jikin kwano, wai saboda gaba. Kuma a duba kwanakin da aka rubuta a jira kafin a yanka ko a sayar, musamman mai kwalbar nan da ke daɗewa a jiki, wanda ba a ba kajin da ake cin ƙwansu.

Ni dai tambayata ɗaya ce, ita ce tambayar kowa, ita ce ta hana maman yara barci: nawa za su tashi?

Bai yi mana alkawari ba. Ya ce mu tsaya mu kalle su minti biyar, ba surutu. Ya raba su gida uku. Akwai masu ci suna sha suna guje-guje, waɗannan in an fara magani yau kusan duk za su wuce lafiya. Akwai waɗanda suka takure amma in ka taɓa su sukan tashi su je ga ruwa da ƙafarsu, waɗannan yawancinsu ana sa rai. Sai waɗanda suka kwanta, ƙafa da zanko sun koɗe sun yi fari, in ka ɗaga ba nauyi kamar auduga, ka tsoma bakinsu a ruwa ba su haɗiya. Waɗannan, ya ce, a ware su a kwali mai ɗumi, a riƙa ɗiga musu ruwan maganin da sirinji marar allura ta gefen baki, a hankali don kada ya bi hanyar numfashi, amma kada Anti ta sa su a lissafi.

Dalilin shi ne jinin da muka gani da tocila ba farkon cutar ba ne. Kwana 4 zuwa 5 ke nan da haɗiyar ƙwan, ɓarnar ta riga ta auku muna barci. Mutuwa ta fi yawa a kwana na 5 da na 6. Wanda ya kai kwana 8 ko 9 da ransa, galibi ya haye. Wato maganin da na ci kuɗin keke na sayo, rabonsa kaɗan ne a jikin wanda ya sa ni sayowa. Na masu guje-gujen nan ne, waɗanda a idonmu lafiyarsu ƙalau, alhali sun haɗiyi nasu jiya da shekaranjiya.

A nan ne na gane asirin majalisarmu. Wannan cuta, a jikin tsako guda, tana da wa'adi. In ta gama zagayenta ba ta kashe shi ba, kuma bai sake kwasar wata lodin ba, da kanta take sauka. To ka ga wanda ya ba da barkono a kwana na 6 zai ga sauƙi a kwana na 8. Mai filajil ma haka, mai farasitamol ma haka. Ko ruwan rijiya ka tofa wa bisimilla ka ba su, wasu za su tashi. Waɗanda suka rayu su zama shaidun magani, waɗanda suka mutu a ce kwanansu ne ya ƙare, kuma mushe ba ya zuwa majalisa ya ba da bahasi. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, mu kuma mu ƙara da cewa ko ana barkono. Ba ƙarya kowa yake yi ba, abin da ya gani yake faɗa. Abin da ba mu taɓa yi ba shi ne ƙirga na bayan katanga.

Amma kada in zalunci Hajiya. Da maganar ta je kunnenta cewa ɗanta ya zubar da maɗacinta, ta saka hijabi ta shigo da kanta.

"Kai Auta, da wannan maɗacin na yi kiwon da na biya maka kuɗin jarrabawa."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ban ce ƙarya ba ne." Ya ce a Vom, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke can kusa da Jos tun 1924, masu bincike sun gwada haɗin maɗaci da dogon yaro a kan kajin da aka sa wa wannan cuta, sun wallafa a 2016, kuma sun ga yana rage ta. Sai dai su a ma'auni suka yi, sun san nawa ya shiga cikin kowace kaza gwargwadon nauyinta. Namu kuwa yau ɓawo biyu, gobe biyar, ɗaci ya yi yawa tsako ya ƙi sha, kuma tsakon da ke zubar da jini in ya bar ruwa ya gama. Hajiya ba ta ji rabin ƙarshen ba. Ta juyo ta dube ni ta ce, "To ka ji. Har Vom."

Aikin da ya fi wuya ba a shago ake sayensa ba, kuma a kaina ya faɗo, tunda ranar kajin sun koma "namu" dole. Muka kwashe dusar tas, buhu uku, na ba mai lambu ya kai gona nesa da gida. Na ɗauko ruwan bilicin zan wanke daɓen, Auta ya yi dariya ya ce ɓawon ƙwan nan ba ya jin bilicin, a ɗakin bincike ma da shi ake wanke shi don a kashe sauran ƙwayoyi, shi ya fito garau. Abin da yake tsoro tafasasshen ruwa da bushewa da rana. A ƙasa mai laima kuwa yana iya yin watanni yana jiran kwali na gaba. Muka tafasa ruwa a tukunyar biki muka kwarara, muka bar wurin ya sha iska, muka zuba sabuwar dusa mai kauri. Mazuban ruwa muka ɗora su a kan bulo daidai bayan tsako. Leda aka yaye ta sama aka bar ta ƙasa. Aka ajiye silifa ɗaya a bakin akurki na shiga ciki kawai, don a tafin takalmi ma ƙwan yake yawo gida-gida, kuma mu ba mu iya ganin kiwon maƙwabci ba mu shiga mun sa albarka ba. Kajin Hausar da ke kewaya akurkin suna leƙe aka kore su bayan gida, su manya ne, suna ɗauke da ita ba ta kayar da su.

Ya kwantar mana da hankali a kan abu ɗaya: ta kaji ba ta kama mutum, ba ta kama akuya, kowace dabba da irin tata. Ya kuma tayar mana da shi a kan wani. Yawancin irin nan 7 ba kasafai suke nuna jini ba, sai dai ka ga kashi ruwa-ruwa, kaji suna cin buhu ba sa nauyi, ka yi ta zagin mai abinci. Wani lissafi da masana suka fitar a 2020, wanda Najeriya na cikin ƙasashen da aka duba, ya ce cutar na ci wa duniya sama da fam biliyan 10 a shekara, kuma mafi yawansa irin wannan satar ce ta shiru, ba mutuwa ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke sa maganin kariya a cikin abincin 'yan tsaki tun daga buhu, mu kuma in kuɗi sun yi ƙasa mu sirka shi da dusar masara rabi da rabi, mu sirke kariyar tare. Ya ƙara da gargaɗin da ya sa Alhaji mai kayan gini ya miƙe zaune da na kai labari majalisa: wani daga cikin magungunan nan na cikin abinci, monensin, guba ne ga doki. Alhaji yana da ingarman doki da yake ji da shi saboda hawan Sallah, kuma ashe yaransa sukan juye masa ragowar abincin kaji.

Ranar farko ta magani biyu suka mutu, cikin na kwali. Rana ta biyu ɗaya. Ta uku ɗaya, shi ma na kwali. Daga nan shiru. Jinin ya ɗauke a rana ta uku, maman yara ta kai hannu za ta ɗaure bakin leda, na yi gyaran murya, ta fasa. Cikin 51 mun tashi da 40. A cikin na kwalin nan shida, biyu sun rayu, abin da Auta ma bai zata ba. Sai dai hanjin da ya sha yaga ba ya komawa daidai da wuri: kusan bakwai sun tsumbure, 'yan'uwansu suka tafi kasuwa a mako na 8 suka bar su suna cin abincin da ba a sa a lissafi ba. Ɗaya daga cikin na kwalin har yau yana nan, ƙafa manya jiki ƙarami, yara sun sa masa suna Sirinji, an hana ni ko kallonsa da wuƙa.

A majalisa kuwa an raba ganima. Baba ya ce kafsonsa ne ya riƙe su kafin yaron ya zo. Tela ya ce barkonon ne ya buɗe musu ciki maganin ya samu hanya. Mai shayi ya ce shi dai ya san zazzaɓin ya sauka. Maman yara ta yarda da Eimeria, ta yarda da laima, amma ta ce duk da haka ba a shiga kiwon mutane ba tubarkalla, kuma yanzu akwai labule a ƙofar akurkin.

Makon jiya da sassafe aka buga ƙofa. Yarinyar gidan sama ce, hijabi a karkace.

"Wai in ji Anti Amarya, tana gaishe ku, wai nata sun fara irin na ku, ko da ragowar garin nan a san mata cokali ɗaya."

Maman yara ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Kwanansu nawa? Suna tashi su sha ruwa da kansu? Je ki ce ta damƙi dusar ta matse, in ta dunƙule ta fara kwashewa kafin in zo. Kuma ki ce cokali ɗaya ba ya yi, ta ba da kuɗi a sayo leda guda."

Yarinyar ta juya za ta tafi, sai ga muryar Hajiya ta kan katanga: "Ke, tsaya ki tafi mata da maɗaci."